Me Ke Kai Babba Ga Cin Amanar Yaro?

Jama'a masu sauraronmu, iyaye maza da iyaye mata, malamai da masu unguwanni, da duk wanda Allah ya ɗora wa nauyin kula da yaro, ko nasa ne ko na wani, barkanmu da sake saduwa a cikin shirinmu na faɗakarwa. Kafin mu shiga magana, muna roƙon wanda yake zaune da ƙananan yara kusa da rediyo ya sallame su su tafi wasa, domin zancen yau na manya ne, ko da yake saboda yaran ake yin sa.

Batunmu shi ne lalata da ƙananan yara, mata da maza, abin da harshe ke nauyin faɗa, kunne kuma ke ƙyamar ji. Amma malamanmu na fiƙihu, waɗanda suka fi mu kunya da tsoron Allah, ba su taɓa tsallake wata mas'ala ba don kawai tana da nauyi a baki, saboda sun san jahiltar cuta ba ta hana cutar kama mutum. Tambayar da muke so mu amsa ita ce: me ke kai baligi mai hankali, wanda ya san halal ya san haram, ga cin amanar yaron da ba ya iya kare kansa? Tun daga farko kuwa muna so a fahimta cewa bayyana sababin laifi daban, nema wa mai laifi uzuri daban. Muna binciken sababi ne domin mu san inda za mu tsaya mu yi tsaro.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. A watan Oktoba na 2024, Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF, ya bayyana cewa fiye da mata miliyan 370 da ke raye a duniya, kimanin mace 1 cikin 8 ke nan, an yi musu fyaɗe ko an keta mutuncinsu kafin su cika shekara 18, maza kuwa da irin wannan ta auka wa suna yara sun kai tsakanin miliyan 240 da miliyan 310. A nan Nijeriya, binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya nuna yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 sun gamu da wannan zalunci kafin shekara 18, kuma ƙalilan ne ƙwarai daga cikinsu suka sami wani taimako. Saboda haka wanda yake zaton wannan masifar wasu ƙasashe ce, ko ta wasu unguwanni, lalle ne ya sake tunani.

Abu na farko da ilmi ya gyara mana shi ne siffar mai laifin. A 1876 wani likita ɗan ƙasar Italiya, Cesare Lombroso, ya wallafa littafi yana da'awar cewa ana haihuwar wasu mutane da mugunta a jikinsu, har ana iya gane su ta siffar ƙoƙon kai da muƙamuƙi; masana sun daɗe da watsar da wannan ra'ayi, amma har gobe yana nan daram a zukatan jama'a, domin da an ce mai lalata yara, sai hankalinmu ya tafi ga wani baƙo mai mugun kama, ko mahaukaci, ko ɗan iskan da ke laɓe a kango. Binciken da aka yi a ƙasashe dabam-dabam kuwa ya haɗu a kan magana guda, cewa mafi yawan masu wannan aika-aika mutane ne da yaron ya sani, iyayensa kuma suka yarda da su: ɗan'uwa na jini, ko mijin uwa, ko maƙwabci, ko mai shagon ƙofar gida, ko malami, ko abokin uba wanda yaran ke kira Baba ko Kawu. Mafi yawansu maza ne, ko da yake akwai mata a ciki. A Amurka ma an ƙididdige cewa kimanin kashi ɗaya bisa uku na irin waɗannan laifuffuka da suka kai gaban 'yan sanda, yara ne da samarin da ba su cika shekara 18 ba suka aikata su a kan wasu yaran.

To, in mai laifin ba dodo ba ne, mutum ne kamar kowa a zahiri, yaya abin yake aukuwa? Amsar da ta fi shahara ita ce wadda David Finkelhor, malami a Jami'ar New Hampshire ta Amurka, ya bayar a 1984, inda ya ce wannan laifi ba ya aukuwa sai abubuwa huɗu sun cika, ɗaya bayan ɗaya: sai mutum ya sami abin da ke ingiza shi, sai ya rinjayi mai tsawatarwar da ke cikin zuciyarsa, sai ya tsallake tsaron da mutane suka kewaye yaro da shi, sa'an nan sai ya karya turjiyar yaron kansa. Ɗaliban usulu za su ga wannan tsari bai yi musu baƙunta ba, domin sun saba da cewa abu ba ya tabbata sai sababinsa ya samu, sharaɗinsa ya cika, abin da ke hana shi kuma ya kau. Fa'idar wannan tsari babba ce: yana nuna mana cewa muguwar sha'awa ita kaɗai ba ta isa ta cutar da yaro ba, sai ta sami hanya, hanyar kuwa sau da yawa a hannunmu take.

Mu fara da abin da ke ingiza mutum. Masana halayyar ɗan Adam sun ce ba tushe guda ba ne. Akwai waɗanda sha'awarsu ta karkata, karkata mai ɗorewa, zuwa ga yaran da ba su balaga ba, kuma likitocin ƙwaƙwalwa sun sanya wannan a cikin jerin cututtukan da suke dubawa. Sai dai ba duk mai wannan karkata ke aikata laifi ba, kuma da yawa daga waɗanda suka aikata ba su da ita ko kaɗan. Akwai waɗanda ba su iya zama da tsararrakinsu ba, suna jin ƙasƙanci a gaban manya, sai su koma ga yara inda za su sami biyayya da jin iko ba tare da an ƙalubalance su ba. Akwai kuma waɗanda asalinsu marasa tausayi ne, masu keta kowace doka, waɗanda suke ɗaukar duk abin da suka ga dama muddin babu mai hana su, yaron kuwa ya faɗa hannunsu ne don shi ya fi sauƙin kamawa. William Marshall da Howard Barbaree na ƙasar Kanada sun yi bayani a 1990 cewa yaron da ya tashi cikin duka da wulaƙanci, bai ɗanɗani shaƙuwa da iyaye ba, bai ga yadda ake ƙauna da mutunta juna ba, idan balaga ta zo masa yakan kasa raba sha'awa da zalunci, ya kuma girma cikin kaɗaici da rashin iya ƙulla zumunci. Daga nan za mu gane cewa maganar da ake yi, wai a yi masa aure zai daina, ba ta da madogara, domin da yawa daga masu wannan laifi suna da mata har da 'ya'ya, kuma aurar wa irin wannan mutum mace ba tare da magani ko hukunci ba, kusantar da shi ne ga wasu yaran.

A nan akwai wata magana da ya wajaba mu tsaya a kanta, saboda a cikin masu sauraronmu akwai waɗanda aka zalunta suna ƙanana. An sha faɗa cewa wanda aka yi wa shi ma zai yi wa wani. Gaskiya ne cewa a cikin masu laifin ana samun waɗanda aka cutar a ƙuruciyarsu fiye da yadda ake samu a sauran jama'a. Amma Cathy Widom, wata masaniya a Amurka, wadda ta bi rayuwar ɗaruruwan yaran da kotu ta tabbatar an zalunce su, tun suna ƙanana har suka manyanta, ta iske mafi rinjayensu, da tazara mai nisa, ba a taɓa samun su da irin wannan laifi ba. Ya ɗan'uwana, ya 'yar'uwata, in wannan jarrabawa ta same ka ko ta same ki, to, babu wani tambari da aka buga muku, kuma zunubin yana wuyan wanda ya yi.

Abu na biyu a tsarin Finkelhor shi ne rinjayar mai tsawatarwa na cikin zuciya. Kusan kowane mai laifi ya san abin da yake yi mummuna ne, in ba haka ba da bai ɓoye ba. To, ta yaya yake kashe muryar da ke hana shi? Gresham Sykes da David Matza sun amsa wannan a 1957, suka ce masu laifi ba su cika musun doka ba, tawili suke yi mata, suna ƙirƙiro wa kansu hujjojin da za su sa dokar ta zama ba ta hau kansu ba a wannan karon: ko su ce ba da ikonsu ba ne, ko su ce babu wanda ya cutu, ko su ce wanda aka cuta shi ya jawo, ko su juya su zargi masu zarginsu. Likitocin da suka yi aiki da masu lalata yara a gidajen yari sun ji waɗannan hujjoji har sun gaji, mu ma kuwa mun san su da harshenmu. Sharrin Shaiɗan ne. Tsautsayi ne. Ƙaddara ce. Yarinya ce, za ta manta. Ita ta riƙa zuwa wurina. Boka ne ya ce in yi don in sami dukiya. Duk mai hankali ya san cewa yarinya 'yar shekara bakwai ba ta da yardar da za ta bayar, kuma ƙaddara ba ta taɓa zama hujjar saɓo ba a wurin malaman tauhidi. Shaiɗan ɗin ma da ake jingina wa laifin, Suratu Ibrahim ta ba mu labarin cewa zai barranta daga mabiyansa ranar hisabi, domin iyakarsa kira, ba shi da ikon tilasta kowa. Giya da ƙwaya suna taimakawa wajen kashe wannan murya, amma sau da yawa mutum yakan sha ne don ya sami ƙarfin halin aikata abin da ya riga ya ƙudurta. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, waɗannan hujjoji ba daga sama mai laifi yake tsinto su ba; a majalisa yake jin su, duk lokacin da aka kawo labarin fyaɗe aka fara da tambayar me ya kai ta, ko wace irin sutura ta sa. Al'ummar da take magana haka, ita ke ara wa azzalumi kalmomin da zai lallashi zuciyarsa da su.

Abu na uku, wanda ya fi shafarmu duka, shi ne tsaron da ke kewaye da yaro. Lawrence Cohen da Marcus Felson sun kafa wata ƙa'ida a 1979 wadda masana laifuffuka suke aiki da ita har yau, cewa laifi yana aukuwa ne idan abu uku suka haɗu a wuri ɗaya da lokaci ɗaya: mai niyyar ɓarna, da wanda ake iya cuta, da rashin mai tsaro. Stephen Smallbone da Richard Wortley, da suka yi bincike a kan fursunonin jihar Queensland ta Ostareliya, sun iske da yawansu ba su fara wannan laifi ba sai da suka haura shekara talatin, lokacin da rayuwa ta sa yara a hannunsu a matsayin uba, ko mijin uwa, ko mai kula, suka kuma sami kaɗaita da su ba mai gani. Hausawa sun riga sun faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu dubi namu bangon da idon gaskiya: yarinyar da ake ɗora wa talla tana shiga zaure da shago da tasha har bayan isha'i, almajirin da yake kwana cikin gardawa babu babba mai lura, 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye, ba ta da wanda za ta kai wa kuka, marayan da aka bar wa dangi riƙo ba mai waiwayarsa, yaran sansanin gudun hijira waɗanda yunwa ta sa loma ɗaya ke iya jan su, da kuma wayar hannu, wadda ta sa baƙo yake iya shiga har ɗakin yaro alhali ƙofar gida a kulle take. Talauci yana ƙara faɗin wannan tsaga, amma gidajen masu hali ma ba su tsira ba, inda ake barin yara wuni guda a hannun direba ko mai gadi ko malamin darasi.

Makarantu da wuraren ibada ma suna da nasu haɗari. Gwamnatin Ostareliya ta kafa wani babban kwamitin bincike wanda ya yi aiki daga 2013 zuwa 2017, ya saurari kimanin mutum 8,000 da aka lalata suna yara a coci-coci da makarantu da gidajen marayu da ƙungiyoyin wasanni. Abin da ya yi ta maimaituwa a cikin shaidarsu shi ne, shugabanni sun ji ƙorafi, amma suka fifita sunan ma'aikatarsu a kan lafiyar yaro, suka sauya wa mai laifi wurin aiki, ya je can ya ci gaba. Darasin bai taƙaita ga wani addini ko wata ƙasa ba: duk inda aka ɗaukaka mutum har ya fi ƙarfin a tambaye shi, aka kuma ba shi yara a keɓe, to, an haɗa sharuɗɗan fitina, ko da rawani ne a kansa. Shari'armu ta riga ta yi tanadi a nan, da ta hana keɓancewar da ke jawo zargi, ta yi umurni da raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma, ta kuma koyar a Suratun Nur da neman izini kafin shiga ɗaki a lokuta uku na hutawa. Mazhabar Imamu Malik kuwa ta shahara da ƙa'idar saddu zari'a, watau toshe hanyar da ke kaiwa ga ɓarna tun kafin ɓarnar ta auku. Malamin kirki ba ya jin haushi don an ce ya bar ƙofar aji a buɗe, domin wannan kariya ce gare shi kamar yadda take kariya ga ɗalibinsa.

Abu na huɗu shi ne turjiyar yaro. Mutane kan tambaya, me ya hana shi ihu, me ya hana ta faɗa? Amsa ita ce, mafi yawan masu wannan laifi ba da ƙarfi suke farawa ba. Sukan zaɓi yaron da suka ga yana ƙishin kulawa, ko mai naƙasa, ko wanda gidansu babu zaman lafiya, su jawo shi da kyauta da yabo, su sami yardar iyayensa, su saba masa da riƙe sirri, har ranar da za su keta iyaka yaron ya riga ya ruɗe, yana ganin kamar shi ma yana da hannu. Daga nan sai barazana ta biyo, cewa in ka faɗa za a doke ka, ko ba mai yarda da kai, ko uwarka za ta mutu. Wani likita Ba'amurke, Roland Summit, ya bayyana a 1983 cewa yaron da ke cikin wannan hali yakan yi shiru, ya saba da abin don ya rayu, ya jinkirta faɗa, in ma ya faɗa ya ga gida ya hargitse, sai ya janye maganarsa ya ce ƙarya ya yi. Kwamitin nan na Ostareliya ya iske cewa, a matsakaicin lissafi, waɗanda suka ba da shaida sun yi kusan shekara 24 kafin su iya gaya wa wani. Tarbiyyarmu ta girmama na gaba abin alfahari ce, amma idan muka koya wa yaro cewa ba a taɓa ce wa babba a'a, muka kuma saba dukansa duk lokacin da ya zo da maganar da ba ta yi mana daɗi ba, to, mun kwance masa ɗamara da hannunmu.

Wannan ya kawo mu ga rufin asiri, wanda shi ne garkuwar mai laifi mafi ƙarfi a ƙasarmu. Da abu ya fito, sai dattawa su taru, a ce a sasanta, a ce a bar wa Allah, a ce kada a ɓata zumunci, kada yarinya ta rasa miji. Suturta Musulmi abin so ne a kan zunubin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma zaluncin da ya hau kan wani bawa, wanda kuma ake tsoron maimaituwarsa, ɓoye shi taimakon azzalumi ne, shi ya sa Imamu Nawawi, da yake ƙidaya wuraren da ambaton aibin mutum ke halatta, ya sanya kai ƙarar azzalumi da gargaɗin jama'a daga sharrinsa a cikinsu. Dokoki kuwa akwai su: Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, da dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015, Jihar Kaduna ma a 2020 ta tanadi dandaƙa har da kisa ga wanda ya yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Sai dai tun a 1764 Cesare Beccaria ya lura da abin da bincike ya zo ya gaskata daga baya, cewa tabbacin kamu ya fi tsananin hukunci hana laifi. Doka komai kaifinta ba ta tsorata mutumin da ya tabbata maganarsa a zauren mai unguwa za ta ƙare.

To, jama'a, mene ne abin yi? Wanda ya ji wannan muguwar karkata a zuciyarsa, ya sani ba a tilasta masa bin ta ba. Ya nisanci kaɗaita da yara, ya nemi likitan ƙwaƙwalwa tun bai cuci kowa ba, domin a asibitin Charité na birnin Berlin a Jamus tun 2005 ake karɓar irin waɗannan mutane ana koya musu riƙe kansu. Masu majalisa da masu mumbari su daina ɗora laifi a kan yarinya. Iyaye su san inda 'ya'yansu suke da wanda suke tare da shi, su lura da babban da ya cika son keɓewa da yaro guda, da kyautar da ba a san dalilinta ba, da yaron da ya sauya hali farat ɗaya, ya koma fitsarin kwance, ko yake ƙin zuwa wurin wani mutum. A koya wa yaro cewa al'aurarsa amana ce, babu mai ikon taɓawa, kuma sirrin da aka ce kada ya gaya wa Inna shi ne wanda ya fi cancanta ya gaya mata. In kuwa yaro ya buɗe baki, a saurare shi cikin natsuwa, a gaskata shi, a ce masa ba laifinsa ba ne. Kada a wanke tufafinsa, a kai shi asibiti nan da nan, domin maganin rigakafin cuta mai karya garkuwar jiki yana aiki ne idan an fara shi kafin cikar awa 72. Sa'an nan a kai ƙara ga 'yan sanda, ko hukumar NAPTIP, ko ma'aikatar kula da harkokin mata da yara ta jiha, ko da mai laifin ɗan gida ne.

Yaro ba shi da ƙarfi, ba shi da dukiya, ba shi da baki a majalisa. Iyakar abin da ya mallaka shi ne manyan da ke kewaye da shi, kuma kowane ɗayanmu za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo. Allah ya tsare mana zuriyarmu, ya warkar da zukatan waɗanda aka zalunta, ya ba shugabanni da alƙalai ikon tsayar da adalci, mu kuma ya ba mu ƙarfin halin faɗar gaskiya ko da a kan na jikinmu ne. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda iyaye za su taimaki yaron da wannan masifa ta riga ta auka wa. Sai mun sake saduwa.